Yadda za ka koya wa ƙannenka Einstein a tsakar gida

Duk mai ƙane ko ƙanwa a lise, a Garwa ne ko Marwa ko Ngawundare, ya san yaran nan sun haddace E = mc², suna rubuta shi a bangon littafi, suna sa hoton tsohon nan mai buzu-buzun gashi da ya zaro harshe a WhatsApp, amma in ka ce to me mutumin ya yi sai a hau kallon-kallo. Abin na damuna wallahi, don yaran na da kai, ta wutsiya aka kamo musu zancen. Ga yadda nake ganin za ka bi da su, ba sai kana da digiri ba.

Fara da kashe ƙaryar nan da ke yawo wai ya faɗi lissafi a makaranta, don malalata sun mai da ita mafaka. An haife shi a Ulm ta Jamus a 1879, kuma a takardarsa ta gama sakandare a Suwizalan ya ci 6 cikin 6 a lissafi da fizik, Faransanci ne ya ja shi ƙasa, 3 ya ci. Wannan kam yaranmu za su ji a jikinsu.

Daga nan kar ka taɓa lissafi tukuna, ka kai su wajen sola. Ƙaramin faranti irin na cajin waya ya isa, ka jona masa ƙwan fitila, ka sa yaro ya rufe da tafin hannu ya buɗe, ya karkata shi ya mayar, yana kallon yadda ƙwan ke dushewa yana dawowa. Sai ka tambaye shi yaya aka yi haske ya koma wuta, ka yi shiru ya ɗan sha wuya. A 1905 Einstein yana ɗan shekara 26, ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern, ba a jami'a ba, ya ce haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya in ta bugi ƙarfe tana iya fisgo elektiron guda, wato ɗan mitsitsin abin nan da gudanarsa ce wutar lantarki, kuma launin hasken ne ke yanke ƙarfin ƙwayar, yawansa adadin ƙwayoyin kawai yake ƙarawa. Tushen aikin sola kenan, tun daga na rufin ɗakinku har manyan gonakin sola na Gider da Marwa. Kuma a kan wannan aka ba shi kyautar Nobel ta 1921, abin da yawancin mutane ba su sani ba.

Sai jirgin ƙasa. In yaro ya taɓa hawa na dare daga Ngawundare zuwa Yawunde shikenan aiki ya yi sauƙi, in bai taɓa ba motar Garwa ma ta isa. Ka ce masa kana zaune a tarago jirgi na tafiya sumul, ka wurga lemo sama, ina zai faɗo? A hannunka, duk da wanda ke tsaye a tasha zai rantse lemon gaba ya yi da gudu, kuma ku duka biyun gaskiya kuka faɗa. Wannan tun zamanin Galileo an san shi. Abin da Einstein ya ƙara shi ne in tocila ka haska maimakon lemo, kai da na tasha gudu ɗaya za ku auna, kusan kilomita 300,000 a sakan, gudun jirgin bai ƙara masa komai ba. A nan za a yi maka gardama, ka bar su su yi, gardamar ce karatun. In gudun haske ya ƙi canzawa to dole wani abu ya sassauta, kuma lokaci ne ke sassautawa, agogon mai gudu yana tafiya a hankali a idon wanda ke tsaye. Ba ma lura ne don motocinmu ko kusa da gudun haske ba sa yi.

Bayaninsa na 1915 kuma, a kan ƙarfin da ke jan abu ƙasa yake riƙe duniya a kewayen rana, zanin gado yake so. Yara huɗu su kama kusurwoyi su ja ya miƙe, ka ɗora kabewa a tsakiya, ka gangaro da lemun tsami daga gefe, za su ga ya ƙi tafiya miƙe yana kewaya ramin. Ka ce musu haka rana ke lanƙwasa sarari da lokaci a kewayenta, duniya kuma ta bi lanƙwasar. Misali ne kawai, bai ɗauke komai da komai ba, amma yana zama a kai. Sannan ka ba su labarin da nake ganin kowane ɗan Kamaru ya kamata ya sani, cewa a maƙwabtanmu aka gwada maganar. Ranar 29 ga Mayu 1919 an yi husufin rana, lokacin da ake iya ganin taurarin da ke kusa da ita, masanin taurari na Ingila Arthur Eddington ya je tsibirin Principe da ke tekun Gini, kudu da gaɓar Kamaru, wata tawaga ta tafi Sobral a Birazil. Da safe hadari ya rufe sama a tsibirin, da ƙyar ya samu ƴan hotuna masu amfani, amma sun nuna taurarin da ke kusa da rana sun ɗan goce daga mazauninsu, wato hasken nasu ya lanƙwashe. Da aka sanar a Landan a watan Nuwamba sunan Einstein ya cika jaridun duniya. Dan Allah ka ja musu kunne kar kowa ya kalli rana da ido don gwaji.

In wani ya ce ina amfanin wannan, karɓi waya ka buɗe taswira. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda kake, yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum, in ba a gyara da lissafin Einstein ba kuskuren wuri zai kai wajen kilomita 10 a rana guda.

Yanzu ne za ka kawo E = mc², wato nauyin abu kan iya komawa makamashi, ka sa su yi lissafin da kansu: giram ɗaya in ya koma makamashi gaba ɗaya ya kai kilowat-awa miliyan 25, su ɗauko takardar kuɗin wutar gida su raba su ga shekara nawa kenan. Daga nan tambayar bam ɗin nukiliya za ta zo, ba makawa, kar ka kauce mata. Einstein Bayahude ne, ya bar Jamus ya zauna a Amurka a 1933 da Hitler ya hau mulki, a 1939 ya sa hannu a wasiƙa zuwa ga shugaban Amurka Roosevelt yana gargaɗin Jamus na iya ƙera makamin, bai yi aiki a ƙera shi ba amma ya yi nadamar wasiƙar kafin rasuwarsa a 1955. In malam ya ba su aikin gabatarwa a aji, su ƙara da ziyararsa ta 1946 a jami'ar Lincoln ta baƙaƙen fata, inda ya kira wariyar launin fata cutar farare.