Yadda za ka auna bindigar farauta mai sakata kafin ka sa kuɗinka, in kana zaune a Legas

Samarinmu na Agege da Idi-Araba sun sha miƙo mini waya su nuna mini bidiyon Bature cikin riga ruwan lemo, ya jingina bindiga da icce, ya kayar da barewar ƙasarsu daga can nesa, ya juyo ya ce bindigar ko dala 600 ba ta kai ba. Sai su ce, "Baba, kai da ka tashi a gidan maharba, wannan ta ci kuɗinta?" Abin da nake ce musu shi ne bindigar ba ta da laifi, amma ba don dajinmu aka ƙera ta ba, kuma dokarmu ba irin tasu ba ce.

Bari in fara da bindigar kanta, don kada in zalunce ta. Irin su Savage Axis, da Ruger American wadda ta fito a 2012, da Remington 783 ta 2013, da Mossberg Patriot ta 2015, duk aikinsu ɗaya ne. Ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya, kwanson harsashin da ka harba ya fita. Ka tura gaba, sabo ya shiga, ka danna ƙasa ta kulle. Ƙarafan da ke motsi a cikinta kaɗan ne, shi ya sa ba ta cika cijewa ba. Kuma maƙeran ba su yi ha'inci a bututu ba, don da yawa cikinsu, in an samu harsashin da ya dace da su, za su zuba harbi uku wuri guda a nisan mita 100, ramukan ba su wuce faɗin yatsu biyu ba. Wurin da aka rage kuɗi shi ne jikin roba mai lanƙwasa, da gidan harsashi na roba, da shafen da ke kan ƙarfe wanda bai da kauri, da madubin saitin da ake haɗawa da ita kyauta, wanda galibi shi ne ke fara ba da kunya.

Idan kana da ƙani a Amurka da ke da izinin farauta a can, ka ce ya saya, bai yi asara ba. Sai dai ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya ja sakatar sau da yawa ya ji ko tana ƙarta, ya zura takardar kuɗi tsakanin bututu da jikin robar ya ga ko za ta wuce ba tare da ta maƙale ba, ya kuma gwada nauyin kunamar. Kuɗin da ya rage masa ya sa a madubi mai kyau da harsashin gwaji.

Mu da ke nan kuwa, abin da za a fara dubawa takarda ce, kafin a yi maganar farashi. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu masu watsa ƙananan harsasai, da bindigar farauta mai dogon zango irin wannan mai sakata, waɗanda lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma adaka da 'yan'uwanta da ake ɗurawa ta baka. Ga inda samari ba su lura ba: dokar ta lissafa faɗin baki na milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303 a cikin na soja. To harsashin .308 da .30-06, waɗanda su ne aka fi gani a waɗannan bidiyoyi, faɗin bakinsu ke nan, milimita 7.62. Wato bindigar da ake sayar wa manomi a shagon ƙauye a can, a nan tana iya jefa ka sahun masu riƙe da makamin soja, kuma hukuncin wannan sahu ba ya kasa shekara 10 a gidan yari. Ko ta amfanin kai ce aka kama ka da ita babu lasisi, ana iya ɗaure ka har shekara 5.

A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka tafiyarka ta farko zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Ikeja ce, ka tambaya da bakinka halin da ake ciki. Duk wanda ya ce maka a WhatsApp zai kawo bindiga "da takardunta", ka toshe lambarsa. Shigo da ita daga waje ma sai da takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Mutanen Legas ba su manta bindigogi 661 da Kwastam suka kama a kwantena a watan Janairun 2017 ba, kuma tun daga nan idon hukuma bai sauka daga tashar Apapa da Tin Can ba.

A ce duk ka tsallake wannan. Ina za ka harba ta? Irin barewar da ke cikin bidiyon babu ita a Najeriya. Namu su ne gada da mazo da gyazbi, sai barewa da gwanki can arewa, su ma sun yi ƙaranci ƙwarai. Ka je kasuwar Oluwo a Epe da safe ka ga abin da maharban Yarbawa ke kawowa, yawanci gyazbi ne da gada. A kurmin Epe da bayan Ikorodu ba ka ganin abin da ya wuce taku 30 a gabanka. Kuranga ta sarƙe, ganye ya rufe rana, ƙasa na tsotson takalmi. Gada za ta ɓullo ta ɓace kafin ka kai ido ga madubi. Bindiga mai watsa ƙananan harsasai ita ce ta wannan wuri, shi ya sa ita ke kafaɗar maharban yankin.

Abin da ya fi damuna ma ba rasa nama ba ne. Harsashin mai baki ɗaya ƙarfinsa na mutuwa cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. Na bindiga mai sakata, in ya kuskure, yana iya tafiya fiye da kilomita 3. A bayan duk wani duhuwar da kake gani a jihar Legas akwai gonar rogo, ko masunci cikin kwalekwale, ko magina a sabon fili. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya ɗora yatsa a kunama sai ya faɗi abin da ke bayan dabbar. A kurmi ba ka da amsar wannan tambaya, kuma rai ba shi da madadi.

Sai harsashi. Ko ka zaɓi .243 ko .270 don kauce wa faɗin baki na soja, a wurin dillali mai rajista kaɗai za ka saya, da lasisinka a hannu, da farashin da ke bin dala. Ita kuma irin wannan bindiga sai an ƙona harsasai wajen saita madubi, a sake ƙonawa duk lokacin da ta bugu. Bindigar da ba ka da abin ɗura mata sanda ce mai tsada. Ga kuma iskar teku. Wanda ya taɓa ajiye adda a ɗaki a Legas da damina ya san yadda tsatsa ke cin ƙarfe a nan, balle ƙarfe mai siririn shafe. Kullum sai goga da mai, da akwatin ƙarfe mai makulli inda yara ba sa kaiwa.

Akwai kuma maganar hanya, wadda ta shafe mu Hausawa kai tsaye. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Allah ya gafarta musu. Idan adaka ta jawo haka, ka auna yadda za a kalli Bahaushe da doguwar bindiga mai madubi a shingen hanyar Ore ko Shagamu.

In da gaske farauta ke ranka, ƙanena, ka fara da zuwa wurin Sarkin Hausawan unguwarku ya haɗa ka da ƙungiyar maharban yankin da kake son shiga, don a kurmi ba a shiga dajin mutane ba sallama. Ka bi su babu bindiga, ka ɗauki fitila da adda, ka koyi sawu da iska. Ka san dabbobin da dokar kare namun daji ta 1985 ta hana taɓawa, ka kuma san cewa gandun dajin gwamnati irin na Tsohon Oyo ba a farauta a cikinsa sam. Kuɗin bindigar ka ajiye su. In an buɗe lasisi kuma ka samu naka, ka nemi mai baki ɗaya a wurin dillali mai rajista, ka duba lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka rubuta a takardarka kafin ka fita daga shagon.