Yadda ake haɗa na'urar Firewall a ofis ba tare da intanet ta ɗauke ba

Firewall katanga ce da ke tsare kwamfutocin ofis daga masu kutse ta intanet. Yaran da nake koya wa aikin haɗa ta a Nima, Accra, wuri ɗaya suke tuntuɓe, don haka da shi zan fara. Matse kan waya na ɗauka ka sani. WAN shi ne ramin da ke kaiwa intanet, LAN kuwa na kwamfutocin cikin ofis ne.

Kafin ka ciro na'urar daga kwali, duba adireshin rawutar da kamfanin intanet ya saka muku. Da yawa da 192.168.1.1 suke zuwa. To firewall ta pfSense ma wannan lambar ce a LAN ɗinta, ta FortiGate kuwa 192.168.1.99, duk layi ɗaya da rawutar. Idan ka jona su a haka, ciki da waje sun zama gida ɗaya, na'urar ba ta san ƙofar da za ta fitar da saƙo ba. Fitilu duk kore, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Na taɓa zama a wani ofishin masu shigo da kaya a Madina tun azahar har bayan isha ina canza wayoyi, mai ofishin na tsaye a kaina yana cewa, "Malam, yau ko takarda ɗaya ba mu tura ba." Ashe wannan ce matsalar.

Saboda haka kada ka taɓa ramin WAN tukuna. Jona kwamfutarka ita kaɗai a LAN, ka buɗe adireshin na'urar a burauza. FortiGate sabuwa sunan shiga admin ne, babu kalmar sirri, don haka sa mai ƙarfi nan take. Sai ka canza adireshin LAN. Ni 10.10.20.1 nake sawa ko'ina, kai ma sa irinsa. Kana adanawa shafin zai ɓace, kada ka firgita: zare wayar ka mayar, kwamfutar ta karɓi sabon adireshi, ka shiga da sabuwar lambar. Ka tabbata DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ma ya koma sabon layin, nan ma ana mantawa.

Yanzu ne za ka jawo waya daga rawutar kamfani zuwa WAN. Abin da ya fi shi ne su mayar maka da ita "bridge", wato ta riƙa miƙa intanet kai tsaye ga firewall, su ba ka suna da kalmar sirrin PPPoE (hanyar shiga layin kamfani) in da shi suke aiki. In ba su yi ba, aƙalla kashe Wi-Fi ɗin rawutarsu. In ka bar shi, ma'aikata can za su riƙa hawa, sun zagaye katangar da ka gina.

Maganar kuɗi: na'ura ta hannu da ake samu a kasuwar Circle ta fi araha, amma sau da yawa lasisinta ya ƙare, sabunta shi kuma da tsada. Ƙaramin shago ya nemi kwamfuta mai ramin waya biyu ya sa pfSense, kyauta ce. UPS, batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, kuwa dole ne, dumsor ba ya sallama.

Saura ƙa'idoji. Bar LAN ta fita waje, toshe duk abin da ke shigowa, rufe shafin gudanarwa ta WAN. Sabunta manhajar na'urar, gwada da wayar hannu da kwamfuta, sannan ka sauke kwafin saitin a filas ka ba mai ofis ya ajiye.