Yadda za ka kula da tsoho bayan an sallamo shi don kada a sake kwantar da shi

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san wannan abin, an sallamo shi, kowa ya saki jiki, 'yan dubiya suna ta cewa jiki ya yi sauƙi, sai kwana goma ko sha biyu a kwashe shi cikin dare a koma asibiti, wani lokacin ma jikin ya fi na farko lalacewa. Mu haka ya faru da Babanmu, kwanciya biyu cikin wata ɗaya, kuma ta biyun wallahi da mun san abin da zan faɗa maka yanzu da ba a yi ta ba.

Abin ba a kanmu kaɗai yake ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya gano kusan mutum 1 cikin 5 na masu inshorar lafiya ta gwamnati da ake kira Medicare, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, ana sake kwantar da su cikin kwana 30 da sallama, kuma cikin waɗanda aka sake kwantarwar, kusan rabin waɗanda aka fara kwantarwa don ciwo ba don tiyata ba, babu alamar sun ga likita tsakanin fitowa da komawar. Har ta kai daga 2012 aka fara rage wa asibitocin ƙasar kuɗi in majinyatansu na yawan dawowa. To mu dai namu aikin a gida yake.

Ka fara tun ranar sallama, kafin a naɗe kaya. Ranar nan kowa sauri yake yi, tsoho ya ƙosa ya ga ɗakinsa, likita na da wasu gadajen, sai a miƙo maka takarda ka sa a aljihu. Kar ka yarda. Ka tsaya ka tambaya me aka gano, wane magani aka ƙara, wanne aka cire, wane gwaji ne sakamakonsa bai fito ba, kuma yaushe za a dawo. In an gama bayani ka maimaita da bakinka, ka ce "Sista, bari in faɗa ki ji ko na gane daidai", nan ne za ka ga inda ka ɓata. Ranar komawa kuma a ba ka ita kafin ka fita, cikin kwana 7 zuwa 14, mai ciwon zuciya gara cikin mako na farko, kuma a je ko da tsoho ya ce shi ƙalau yake.

Maganar magani nan fa zan daɗe, don nan muka faɗi. Baba na da maganin hawan jini a gida tun kafin ya kwanta, aka sallamo shi da sababbi, ashe ɗaya daga cikinsu shi ne wancan na gida, kamfani ne kawai daban, kwali daban, launin ƙwayar ma daban. Sai yake haɗa su biyun yana sha safe da safe, jini ya yi ƙasa, jiri ya kwashe shi da asuba a hanyar banɗaki. Ina tuna shi zaune a ƙasa yana dafe da bango yana cewa "ni fa duk abin da suka ba ni shi nake sha", kuma gaskiyarsa ce. Don haka ka tattara duk maganin da ke gidan, tsoho da sabo, na gargajiya, na ƙarin kuzari, har na ɗigawa a ido, ka zuba a leda ɗaya ka kai wa likita ko mai ba da magani su tantance, wanda aka ce a daina ka fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Ka rubuta jadawali da manyan baƙi ka manna a bango. Sannan ka sa ido kan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa, suna tara ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda, mai ciwon zuciya ko na ƙoda kar ya sha sai likita ya ce. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙe ragamar maganin nan, in kowa na bayarwa sai a ba shi sau biyu ko a ƙi ba shi sam, kowa na zaton ɗan'uwansa ya bayar.

In zuciya ce matsalar, ka nemi sikeli. Kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, ya hau ka rubuta. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 to ruwa ne ke taruwa, ka kira likita tun ƙafa ba ta kumbura ba, tun bai fara neman ƙarin filo don ya iya numfashi ba. Gishiri a rage. Mai ciwon suga kuma, tsoho da ya fito daga jinya ba ya cin abinci kamar da, in ana ba shi magani ko allura yadda aka saba suga na iya faɗuwa, in na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ko ka ga gumi da rawar jiki, ka ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya, sannan ka sanar da likita a duba adadin maganin.

Kar a bar shi kwance wai ana tausaya masa. Kwana kaɗan a gado na zubar wa tsoho da ƙarfin ƙafa, sai a rinƙa tayar da shi a hankali, ya zauna bakin gado tukuna kafin ya miƙe, ya ɗan taka cikin ɗaki. A ɗauke wayoyi da shimfiɗun da ke harɗe ƙafa, a bar fitila a kunne hanyar banɗaki. Wanda ba ya iya tashi a juya shi duk bayan awa 2, a rinƙa duba ƙugu da diddige, in ka ga ja da ba ya gushewa to gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa.

Abu ɗaya da mutane ke yi wa kallon tsufa kawai shi ne rikicewa. Tsohon da jiya yake hira lafiya, yau bai gane ɗansa ba, ko yana ta barci ba ya son magana, wannan sau da yawa alamar ciwo ce, cutar mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani da bai karɓe shi ba, kuma tsoho na iya kamuwa da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Ka kai shi a duba a ranar. Amma ciwon ƙirji, haki yana zaune, baki ya karkace, hannu ya saki, baƙin bayan gida ko suma, waɗannan kam ba a jiran gari ya waye, sashen gaggawa za ku nufa, ka ɗauki ledar maganin nan da takardar sallama a hannunka.