Kurakuran da anka fi yi wajen saita biyan gaba a manhajar lissafi

Shekaranjiya bayan la'asar ƙanena ya same ni gida Mabera, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya, wai Yaya duba min wagga manhaja da ka sa na ɗora, ƙarya take yi min, ta ce akwai dubu 84 a akawun ɗina amma na je wurin mai POS katin ya ƙi ba da ko dubu 20. Na karɓa na duba, ban yi minti biyar ba na ga inda gizo ke saƙar. Ya saita albashinshi ya riƙa shiga lissafi da kanshi duk 25 ga wata, ranar kuma 28 ce, albashin bai zo ba, ita ko manhaja ta rubuta abin da anka ce ta rubuta. Na ce mai ƙanena ba ta yi maka ƙarya ba, kai ka ba ta labarin da bai faru ba.

Ni GnuCash nake amfani da ita a laftof shekaru da dama, kyauta ce, akwai irinta kamar HomeBank, akwai kuma na waya barkatai, amma wurin wanga abu duk tafiyarsu ɗaya. Ka rubuta cewa rana kaza kuɗi kaza za su fita ko za su shigo, ka ce a maimaita duk wata ko duk mako. To abin da ka rubuta ɗin nan niyya ce kawai, kuɗi ba su motsa ba tukuna, kuma kusan duk ɓarnar da nake gani daga mance wannan take tasowa.

Akwai ma wanda ya ɗauka in ya saita kuɗin makarantar yara a manhaja to ita za ta tura. Ba za ta tura ba wallahi. Littafin lissafi ce, ba ta taɓa kuɗinka na banki, in kana son kuɗi su riƙa fita da kansu wannan umarni ne daban da kake ba bankinka.

Mu koma kan matsalar ƙanena don ita ta fi yawa. In kana saita abu za ka ga zaɓi biyu, ko ta rubuta da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, ko ta tuna maka kwana kaza kafin ranar kai ka amince. Mutane suna son na farkon don ya fi sauƙi, sai su sa komai a otomatik, albashi, kuɗin da yaya ke turowa daga Abuja, bashin da wani ya ce zai biya ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ni shawarata duk kuɗin da ke hannun wani, kar ka bari su shiga lissafi sai ka ga alat da idonka. Ka sa su a tunatarwa, in ranar ta zo ba su shigo ba ka danna ɗagewa, gobe za ta sake tambayarka. Otomatik ka bar shi ga abin da ka tabbata ranarshi da adadinshi ba su canzawa, kamar abin da banki ke cira da umarninka, kuma in ka ƙirga irinsu za ka ga ba su wuce biyu ko uku ba.

Daga nan sai rubutu biyu. Manhaja ta rubuta kuɗin data ranar 1 ga wata, kai kuma ka saya ranar 3 ka ga alat ka sake rubutawa da hannu, ko ka ɗora sitatimen na banki ya shigo da shi karo na biyu, ƙarshen wata ka ga kamar ka kashe abin da ba ka kashe ba. Kafin ka rubuta sabon abu ka ɗan duba sama ko yana nan, in yana nan ranar kawai za ka gyara.

Ranaku kuma suna da nasu tarko. Wanda ya sa 31 ga wata ya manta Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba 30 suke tsayawa, Fabrairu ko 30 ɗin ba ta kai, kuma ba kowace manhaja ke warware wannan iri ɗaya ba, don haka in ƙarshen wata kake nufi nemi zaɓin ranar ƙarshe ta wata ka sa. Sai adashe. Adashen da ake zubi duk Juma'a kar ka haɗa zubi huɗu ka ce duk wata, shekara mako 52 ce, akwai wata huɗu, wata shekarar ma biyar, masu Juma'a biyar, in zubinka dubu 5 ne to dubu 20 sun ɓace maka a lissafin shekara ba ka san inda sunka shiga ba. Sa shi duk mako yadda yake. Kuma ka gaya mata ƙarshe, in ku goma sha biyu ne ka sa sau 12, in ba haka ba adashe ya watse kowa ya kwashe amma manhaja tana nan tana zubi. Haka bashin kofaretib na wurin aiki, ka sa adadin watannin tun ranar farko.

Wanda ya fi ci min rai, don ni kaina ya kama ni, shi ne lissafin wata. Waɗannan manhajoji da kalandar Bature suke aiki, mu ko manyan hidimominmu, azumi, sallah ƙarama, layya, zakka, duk da watan Musulunci suke tafiya, shekarar kwana 354 ko 355 ce, kenan kowace shekara abin yana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu. A 2023 anka yi babbar sallah 28 ga Yuni, sai na saita kuɗin rago 20 ga Yuni na ce a maimaita duk shekara, ina ganin na gama da wannan. 2024 sallah ta faɗo 16 ga Yuni. Kuɗin da na ɗauka ina da sauran lokacin haɗawa sai ga ni a Kara ana saura kwana biyu ina ciniki da abin da bai kai ba, rago ya yi tsada don kowa ya fito, tunatarwar kuma ta zo min kwana huɗu bayan an ci nama an gama. Da na bar shi haka, 2025 da anka yi sallah 6 ga Yuni da tazarar ta kai mako biyu. Yanzu duk abin da ya shafi watan Musulunci ban sa mishi maimaici, sau ɗaya nake saita shi, in ya wuce in zauna in ƙiyasta na baɗi in ja shi baya da kwana 11 in ƙara mako biyu na shiri, in fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata sai in daidaita ranar. Zakka ma dai ka fi kula da ita, don cikar shekararta da wata ake ƙirgawa, in ka bar ta a ranar Bature kana jinkirta haƙƙin mutane kowace shekara ba ka sani ba.

Kuɗin makaranta ma kusan haka ne, zango uku ne amma tazararsu ba daidai take ba, sa kowane da ranarshi ya fi ka ce duk wata huɗu. Haya kuma tunda a shekara muke biya, in ka sa ta sau ɗaya rak za ta faɗo maka kamar gini, gara ka buɗe wani ɗan asusu cikin manhajar ka saita tara kashi ɗaya cikin 12 duk wata, amma fa ka ware kuɗin da gaske, ba a rubuce kaɗai ba.

Sai maganar adadi. Wanda ya saita kuɗin mai kafin 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafi bai taɓa gyarawa ba, ko kuɗin data kafin ƙarin da anka yi farkon 2025, lissafinshi na wata duniya ne daban. A nan akwai abin da ke rikita mutane sosai, in ka gyara wanda manhaja ta riga ta rubuta na wanga wata, ba ka gyara uwar saitin ba, wata mai zuwa tsohon adadi zai dawo. In kuma uwar ka gyara, na baya suna nan yadda suke. Wuri biyu ne, ka san wanda kake taɓawa. Abin da adadinshi ba ya tsayawa kamar katin wuta, wanda kowa a Sakkwato ya san abin da mita ke ci a Afrilu da Mayu ba shi take ci da hunturu ba, GnuCash tana bari ka rubuta kalma a gurbin adadi, misali ka rubuta wuta, ranar ta zo sai ta tsaya ta tambaye ka nawa ne. Wannan dabara ta hutar da ni ƙwarai. Kuma kar ka raina cajin tiransifa da naira 50 ɗin nan da ake cira a kan dubu 10 zuwa sama, su ne ke sa balans ya ƙi haɗuwa da na banki da ɗari biyu ɗari uku har mutum ya gaji ya watsar da lissafin gaba ɗaya.

Wasu don son ganin gaba sai su ce ta rubuta na kwana 90 tun yanzu. Matsalar ita ce da zarar ta rubuta sun zama rubutu na gaske, ko ka goge saitin suna nan sai ka bi su ɗaya ɗaya. Kwana uku zuwa bakwai ya isa.

In kuma ka yi wata biyu ba ka buɗe ba, za ta tare ka da jerin duk abin da ya taru tun buɗewar ƙarshe, kar ka danna amincewa don ka huta. Ajiye kwafin fayil ɗin tukuna, ɗauko alat ɗinka, wanda ya faru ka amince, wanda bai faru ba ka ce ta tsallake. Ka kuma kalli kwanan watan kwamfutar kafin nan, tsohuwar laftof da ƙaramin batirin agogonta ya mutu tana iya tashi da wata shekara daban.

Na ƙanena dai mun zauna har anka kira magariba, munka cire albashin daga otomatik, munka goge data guda biyu da ta shiga sau biyu, munka tsayar da wani adashe da ya ƙare tun watan Maris yana ta zubi. Balans ya dawo dubu 17 da ɗari huɗu, ya buɗe na banki ya ga bambancin naira 150 ne, ya ce wannan cajin tiransifa ne na kuɗin da ya tura ma Inna, zai rubuta in ya koma gida.