Yadda za ka gane hamonik na cinye maka taransifoma

Wutarmu tana tafiya ne a kan 50Hz, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, amma inbata da cajar waya da kwamfuta da kwan LED da injin walda ba sa jan wuta sumul, fizga suke yi, wannan fizgar ce ke haifo wasu igiyoyin a 150Hz da 250Hz, su ake kira hamonik na 3 da na 5. Matsalar ita ce zafin da suke haddasawa a cikin kwayil yana ninkuwa sosai, na 5 kaɗai asarar da yake jawowa ta wutar da ke kewaye a banza cikin wayar kwayil tana zama zafi ta ninka ta 50Hz sau 25 idan amfiyarsu ɗaya.

To ga abin yi. Ka samo kilam mita, wato mitar da ake maƙala wa waya a auna amfiya, mai True RMS, mai auna wuta daidai ko da ba sumul take ba, don wanda ba shi da True RMS ƙarya zai yi maka. Auna layukan wuta uku da ke fita daga taransifoma, sannan ka auna niyutiral. In lodinka ya daidaita amma niyutiral na ɗauke da wuta mai yawa, wallahi na 3 ne, shi ba ya soke kansa, taruwa yake yi a can. Na taɓa ganin wayar niyutiral da robarta ta narke alhali fiyus bai tsinke ba.

In ka tabbatar, rage wa taransifoma lodi tukuna, sa riyakta, wato kwayil mai rage fizgar wuta, kafin manyan injina, in za ka sayi sabuwa nemi mai K-13, wato wadda aka ƙera don jure zafin hamonik. Kapasita kuma kar ka ɗaura shi haka kawai ba riyakta, yana iya ƙara wa hamonik ɗin ƙarfi.