Yadda Ake Ƙirƙirar Wasan Labari Na Kan Tebur Da Kai Shi Taron Masu Wasa

A irin wannan wasa, mutum uku zuwa biyar ne ke zama, kowa ya ɗauki jarumi guda, jagora yana ba da labari, dayis (ɗan abu mai lambobi a fuskokinsa da ake jefawa) kuma yana yanke hukunci.

Fara da ƙa'ida ɗaya tak: ta yaya za a san jarumi ya yi nasara? Nan ya kamata ka daɗe. Dayis mai fuska 20 yana ba kowace lamba damar kashi 5 cikin ɗari, shi ya sa gwani kan faɗi, ɗan koyo ya ci. Dayis biyu masu fuska shida kuwa jimillarsu ta fi faɗowa a tsakiya: 7 na fitowa ta hanya 6 cikin 36, amma 12 ta hanya ɗaya kacal. In kana son ƙwarewa ta yi tasiri, biyun sun fi.

Takardar jarumi, wato wadda ake rubuta halayensa da ƙwarewarsa a kai, kada ta wuce shafi ɗaya. Zane-zane su jira, domin ƙa'idojin za su sauya.

Gwajin da ya fi amfani shi ne ka miƙa wa baƙi ƙa'idojin, ka yi shiru kana rubuta inda suka rikice. Abokai kan ɓoye aibi saboda kara.

Manyan taruka irin su Gen Con a Indianapolis ta Amurka da Spiel a Essen ta Jamus suna cika maƙil, don haka nemi teburin da za ka gudanar da wasanka tun da wuri. Tafi da jarumai shiryayyu, ƙarin dayis da fensira, da labarin da zai ƙare cikin awa uku. Bayanin ƙa'ida kada ya wuce minti goma, in ba haka ba mutane su gaji kafin a fara.