Darasi: Yadda Wasa Cikin Tabarau na Kwamfuta Ke Rage Raɗaɗin Ƙuna

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san lokacin wankin ciwo ya fi komai wuya. A ɓare bandejin da ya manne, a goge mataccen nama, gobe a sake, wani lokaci har makonni. Maganin kashe zafi yana taimakawa, amma sau da yawa ba ya isa.

A 1996 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil a Amurka, Hunter Hoffman da David Patterson, suka fara gwada wata dabara, suka kai ta sashen masu ƙuna na asibitin Harborview. Akan ɗaura wa majiyyaci tabarau mai kauri, mai allon kwamfuta a ciki, wanda ake kira VR. Wasan da suka ƙirƙiro sunansa SnowWorld: mutum yana ratsa kwarin ƙanƙara, yana jifan mutum-mutumin dusar ƙanƙara da curin ƙanƙara. Da gangan suka zaɓi sanyi, don zuciyar wanda wuta ta ci ta yi nesa da wuta.

Hankalin mutum ba ya rabuwa biyu daidai wa daida. Zafi sai ya sami hankali yake yin ƙarfi, to idan ido da kunne da hannu sun tafi wurin wasa, abin da ya rage masa kaɗan ne. A gwaje-gwajensu, majiyyata sun ce raɗaɗin ya ragu da kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari.

Ga yadda ake yi. A fara ba da maganin da likita ya rubuta, domin tabarau ƙari ne kawai. A goge na'urar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a daidaita gilasan har hoton ya fito tangaran, a bar majiyyaci ya nutsa cikin wasan kafin a taɓa bandeji. Wasan da ake sarrafawa da hannu ya fi kallo zalla tasiri. Wanda ƙunarsa ke fuska ba a ɗaura masa; akan kafa tabarau a jikin sandar ƙarfe a gaban idonsa.

Matsalar da aka fi gani ita ce jiri da tashin zuciya. Ido yana cewa ana tafiya, cikin kunne kuwa, inda ke kula da daidaiton jiki, yana cewa ana zaune, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Da zarar gumi mai sanyi ko hajijiya ta fara, a cire, a huta. Mai farfaɗiya sai da izinin likita.

Inda babu wannan na'ura, wasan waya ma yana ɗauke hankalin yaro, ko da yake bai kai ba, tunda idonsa na iya hango almakashi. A riƙe wayar yadda za ta kare masa ciwon.